Mako Guda da Iyali a Gaɓar Tekun Norfolk: Yadda Ake Kama Gida, a Karanta Ruwa, a Kalli Tsuntsaye

Ranar da na fara ce wa uwargida za mu kashe kuɗin mai da na haya mu tafi kallon tsuntsaye, kallon da ta yi mini ya ishe ni amsa. Ta ce, "Tsuntsaye kuma? Waɗanda muke kora daga shanyar gero?" Ba ta yi ƙarya ba. Mu da muka tashi da danƙo rataye a wuya, tsuntsu a wurinmu ko dai nama ne ko ɓarawon hatsi. Amma mazaunin Ingila dole ya san inda zai kai yara in makaranta ta ba da hutu, kuma otal ga mai iyali shida wahala ce: ɗaki biyu ko uku, ga abincin da ba ka san da me aka dafa shi ba. Wannan ya kai mu ga ƙananan gidajen ƙauye da ake bayarwa haya na mako guda a arewacin Norfolk, gabashin Ingila, inda kake dafa naka, ka shimfiɗa dardumarka, teku kuma yana bayan gida.

Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne mu fara da hoton gida. A ga falo mai kyau a intanet, a biya, sannan a tambayi me ake yi a garin. A wannan gaɓar sai an juya lissafin. Wata ake fara dubawa, daga shi sai ruwa, gida ne na ƙarshe.

Mataki na farko: san shimfiɗar wurin

Hanya ɗaya ce ta ɗinke gaɓar gaba ɗaya, A149, daga Hunstanton a yamma zuwa Cromer a gabas. Nisan bai kai mil 40 ba, amma kada ka raina shi, siririyar hanya ce mai kwana-kwana da ke ratsa tsakiyar ƙauyuka, za ta ci maka fiye da awa guda. A gefenta wuraren tsuntsayen suke jere. Ta yamma akwai Snettisham da Titchwell, duka na ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB wadda aka kafa a 1889. A tsakiya akwai Holkham da garin Wells. Ta gabas akwai Blakeney da Cley, wanda mutanen wurin ke furtawa "Kilai". Fadamar Cley ita ce uwa: a 1926 wani likita, Sydney Long, da abokansa suka haɗa kuɗi suka sayi kimanin eka 400 domin a bar wa tsuntsaye, daga nan aka haifi ƙungiyar da yanzu ake kira Norfolk Wildlife Trust, wadda ta girmi duk takwarorinta na gundumomin ƙasar.

Abu ɗaya da zai ba ka mamaki: yawancin ƙauyukan da ake cewa na bakin teku, teku ba ya bakinsu. Tsakanin gidaje da ruwa akwai fadamar gishiri mai faɗi, wani wurin mil guda. Ita wannan fadamar da laka ce ke tara tsuntsayen.

Mataki na biyu: zaɓi mako, ka fara da kalandar Musulunci

Nan ne nake so ka zauna da kyau, domin nan ake cin riba ko a yi asara.

Teku yana cika sau biyu a yini, yana janyewa sau biyu. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da kusan minti 25, shi ya sa kullum lokacin ke matsawa gaba da kimanin minti 50. Cikar kuma ba ɗaya ba ce. Wadda ta fi girma tana zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata, da kuma bayan cikarsa. Mu da muke lissafi da wata wannan ba baƙon abu ba ne: daga ganin jinjiri zuwa kwana biyu ko uku, sai kuma wajen 15 zuwa 17 ga wata. Manya cikin manyan kuwa suna faɗowa kusa da Maris da Satumba. Ka ɗauko kalandarka ta bango, ka ɗora ta kan ta hutun makaranta, ka ga makon da suka haɗu. Wannan makon za ka nema wa gida.

Sai kuma ka yanke irin abin da kake son gani, tunda kowane lokaci da baƙinsa. Ƙarshen Mayu, lokacin ɗan hutun tsakiyar zango, shi ne na ƙyanƙyasa: fadama cike da kuka, 'yan tsaki ko'ina, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba babban hutu ne, yashi ya yi ɗumi, amma haya ta fi tsada, wurin ajiye mota kuma sai an yi sammako. Hutun ƙarshen Oktoba ni shi na fi so. Haya ta sauko, 'yan yawon buɗe ido sun ragu, tsuntsayen laka sun taru, dinyoyin arewa sun fara sauka. Daga Nuwamba zuwa Janairu kuwa na masu juriya ne, ƙarfe huɗu ba ta yi sai duhu, iska kamar reza, amma sararin sama na cika da dinya da asuba.

Kada arhar lokacin karatu ta ruɗe ka ka cire yara daga aji. Tun Agustan 2024 tarar hakan a Ingila fam 80 ce kan kowane yaro ga kowane mahaifi, in an wuce kwana 21 ba a biya ba ta koma 160. Mai 'ya'ya huɗu sai ya yi lissafi.

Mataki na uku: kama gidan

Ka zaɓi ɓangare ɗaya ka tsaya a kai. In burinka babbar cikar ruwa ta Snettisham ce, wadda bayaninta ke mataki na bakwai, nemi gida ta yamma, wajen Heacham, Hunstanton, Thornham ko Brancaster. In kana da ƙananan yara masu son yashi da shaguna, Wells. In ba ka da mota, Sheringham ko Cromer, tunda jirgin ƙasa na zuwa har can. Gidan da ke ƙauyen da ya ja baya da mil uku ko huɗu daga gaɓa yakan fi arha sosai, kuma ga mai mota tafiyar minti goma ce.

Al'adar hayar ita ce mako cur, daga Juma'a zuwa Juma'a ko Asabar zuwa Asabar. Ana shiga da la'asar, a fita da ƙarfe goma na safe. Za ka ba da kafin alƙalami, yawanci kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku, ka cika sauran makonni kaɗan kafin tafiya. Na lokacin zafi ana kama su tun watanni da yawa. Ka biya da katin bashi in kana da shi, saboda dokar ƙasar ta ɗora wa bankin katin alhaki in an cuce ka a cinikin da ya haura fam 100. Duk wanda ka gani a Facebook yana cewa ka tura kuɗi kai tsaye cikin asusunsa yau-yau kafin wani ya riga ka, rabu da shi.

Kafin ka biya, ka rubuta musu tambayoyi, kada ka ji kunya. Na farko, karnuka. Gidajen hutu da yawa a can suna alfahari da cewa suna karɓar kare, kuma karen Bature kan kujera yake kwana, wani har kan gado. Shafukan haya suna da wurin da za ka tace ka bar gidajen da ba a shiga da dabba kaɗai. Na biyu, matakala. Tsoffin gidajen nan da aka gina da ƙanƙarar dutse suna da kyau a hoto, amma benensu tsaye yake kamar tsani. Shekarar da muka tafi da Hajiya, mahaifiyar uwargida, ban yi wannan tambayar ba. Ta tsaya a gindin matakalar ta ɗaga kai ta ce, "Ɗan nan, ni za ka hau da ni rumbu?" A falo muka yi mata shimfiɗa mako guda, har yau kuma ba a daina yi mini tsiya ba. In kana tafe da dattijo, ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa wajibi ne. Na uku, yawan mutane. In an rubuta shida, shida ake nufi, har da yaron da ka ce zai kwana a ƙasa, domin inshorar gidan a kan wannan adadin take. Halinmu na "ai ɗan'uwa ne, kwana biyu kawai zai yi" ba ya aiki a nan. Sauran ƙanana ne: akwai wurin ajiye mota na gidan? Wuta da ɗumama ɗaki suna cikin kuɗin? Akwai injin wanki da firji mai daskarewa? Ka kuma gaya musu ba ku shan giya, don masu gida da yawa kan ajiye kwalba a kan tebur a matsayin barka da zuwa. In ka faɗa, sai su canza da biskit ko lemo.

Mataki na huɗu: guzuri da kaya

Naman halal ka saye shi tun daga garinku, ko ka tsaya a Norwich, ka cika kula da ƙanƙara. A ƙauyukan gaɓa ba za ka samu ba. Uwargida takan yi miyar kwana uku ta daskarar, ta haɗo da shinkafa, garin tuwo, yaji da babbar tukunya ɗaya, saboda tukwanen gidajen haya na masu dafa taliyar mutum biyu ne. Madara, burodi, ƙwai da kayan lambu akwai su a manyan kantunan Hunstanton, Fakenham da Cromer. Kifi kuwa ka zo gidansa. Sai dai in za ka sayi soyayyen kifi da dankali a shago, ka tambayi abu biyu: da wane mai aka soya, kuma ko an kwaɓa fulawar da giya. Wasu da kitsen shanu suke suya, wasu da man tsirrai, kuma ba sa jin haushin tambayar.

Buta kada a manta da ita. Darduma, fulas biyu na shayi, tocila.

Tufafi a yi su hawa-hawa: rigar ciki mai ɗumi, suwaita, sannan rigar da iska da ruwa ba sa ratsawa, ko da a Agusta ne. Tekun nan arewa yake fuskanta, iskar da ke tasowa daga cikinsa ba ta haɗu da wani tudu a hanya ba. Kowa ya sami takalmin roba mai tsawo. Mata su sa wando mai kauri a ƙarƙashin abaya, a kuma zaɓi hijabin da ba zai yi ta kaɗawa ba, mai duhun launi, don farin ƙyalle mai filfilawa na korar tsuntsu tun daga nesa.

Madubin hangen nesa shi ne jarin tafiyar. Za ka ga an rubuta lambobi biyu a jikinsa, kamar 8x42. Ta farko tana nufin yana kusanto abu sau takwas, ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita, wato yawan hasken da yake sha. 8x42 ya ishi babba, 8x32 ya fi sauƙi a hannun yaro. Kada ka bi masu sau 16 ko 20 na kasuwar gwanjo, hannu na rawa hoton na rawa, ba abin da za ka gani sai jiri. Ba dole ka saya ba ma: a Titchwell da Cley ana ba da haya na yini. Shawarata kowane yaro da ya haura shekara shida ya sami nasa, in ba haka ba rabon faɗa za ka wuni yi. Ka saukar da manhajar Merlin a waya tun kana gida, kyauta ce, tana sauraron kukan tsuntsu ta gaya maka sunansa, sabis kuwa a gaɓar yana zuwa yana ɗaukewa.

Mataki na biyar: hanya da daren farko

Daga Landan a mota kimanin awa uku ne. A jirgin ƙasa, ko ka tashi daga King's Cross zuwa King's Lynn cikin ƙasa da awa biyu ka hau bas mai bin gaɓa, ko daga Liverpool Street zuwa Norwich ka canza zuwa ƙaramin jirgin Sheringham. Ka yi ƙoƙari ka isa da sauran haske, lungunan ƙauyen ba fitilu, mabuɗin kuma galibi yana cikin ɗan akwati mai lambobi a jikin bango.

Da shiga, ɗauki hoton duk abin da ka tarar a fashe ko da tabo ka aika wa mai gida. Nemo alƙibla: daga nan kudu maso gabas take, ta fi karkata gabas, wato ka fuskanci kudu ka juya hagu sosai, sannan ka tabbatar da waya. Masallatan Juma'a suna Norwich da King's Lynn, daga tsakiyar gaɓa tafiyar kusan awa ce, sai a tsara ranar da wannan a rai. Sannan ka buɗe jadawalin cikar teku na garin da ka sauka, ana samunsa a intanet da kuma ɗan littafi a shagunan tasha, ka rubuta lokutan kwana bakwai a takarda ka manna a firji kusa da lokutan salla. Takardar nan ce za ta riƙa gaya muku yaushe za a fita, yaushe za a dawo.

Mataki na shida: fitar farko

Ka fara da Titchwell. RSPB ta saye shi a 1973, kuma kamar don masu iyali aka tsara shi. Akwai banɗaki, wurin shan shayi, da hanya ɗaya miƙaƙƙiya mai tsawon kusan kilomita guda wadda keken jariri ke bi. Tana farawa cikin bishiyoyi, ta ratsa dogayen ciyayin fadama, ta wuce tafkin ruwan daɗi, sai na ruwan gishiri, ta ƙare a kan yashin teku. Yaro ya san in ya daure akwai yashi a ƙarshe. Waɗanda ba 'yan ƙungiya ba suna biyan kuɗin shiga. A bakin ƙofa akwai allo da ake rubuta tsuntsayen da aka gani a ranar, da 'yan sa-kai, yawancinsu dattawa masu ritaya. Ka gaya musu yau ne farkonku. Za su fi ka murna.

Kafin a taka, a saita madubi. Ka lanƙwasa shi har da'ira biyun su zama ɗaya a idonka. Rufe idon dama, juya babban gargaren tsakiya har wani allo mai nisa ya fito tas. Sannan rufe na hagu, ka juya ƙaramin zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya fito. An gama, daga nan na tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa. Dabarar da ke ba sababbi wuya ita ce nemo tsuntsun. Kada ka sunkuya ka kalli madubin. Ka kafa idonka a kan tsuntsu, ka ɗago madubin ya same idon a inda yake. A gwada da yara a kan bututun hayaƙin maƙwabta tun a gida.

A bakin tafkunan akwai ɗakunan leƙe na katako masu benci da tagogi sirara. Ladabinsu kaɗan ne: a shiga a hankali, a ja ƙofa kada ta buga, a yi magana ƙasa-ƙasa, kada a fitar da hannu ta taga ana nuni, waya a kashe mata ƙara. In za ka nuna wa wani tsuntsu, yi amfani da agogo: "tsibirin gaba, wajen ƙarfe biyu." Yaro ɗan shekara biyar ba zai wuce minti goma sha biyar a ciki ba, kada ka tilasta shi. Ka ba kowa takarda da fensir, duk wanda ya fara kai iri goma yana da askirim. Mu da wannan muka ci nasara, ba da wa'azi ba.

Ka gaya wa samarin gida tun a mota cewa danƙo ya tsaya a Kano. Dokar 1981 ta haramta kashe tsuntsun daji, ɗaukar ƙwansa ko ɓata sheƙarsa, kuma ana gurfanar da mutane a kanta. In ka ga an kewaye wani yanki na tsakuwar bakin teku da igiya, ƙwai ne a ƙasa, launinsu ɗaya da duwatsun.

Me za ku gani? Na farko wani fari da baƙi mai dogayen ƙafafu da siririn baki da ya lanƙwashe sama, yana sharar ruwa hagu da dama. Sunansa avocet, shi ne a tambarin RSPB. Ya daina haihuwa a Birtaniya sama da shekara ɗari, sai a 1947 ya dawo. Sama da ciyayi za ka ga wani mai kama da shirwa yana shawagi ƙasa-ƙasa da fikafikai a ɗage, marsh harrier ke nan, wanda a 1971 ma'aurata ɗaya tak suka rage a duk ƙasar, yanzu kuwa da wuya ka wuni ba ka ga uku ba. In bazarar Turai ce, ka kasa kunne ga wani gurnani kamar ana hura bakin kwalba. Bittern ne, ɗan'uwan zalɓe mai ɓuya, wanda a 1997 maza 11 kaɗai aka ji suna wannan kukan a Birtaniya.

Sai kuma 'yan gida. Zalɓe yana nan tsaye da ƙafa ɗaya kamar yadda ka bar shi a bakin kogin Hadeja. Balbela ma ta iso. Sai a 2008 ta fara ƙyanƙyasa a Ingila, yanzu ana ganinta tana bin shanu a makiyayar Holkham, Turawa na tsayar da mota suna ɗaukar hotonta. Hajiya ta daɗe tana dariyar wannan.

Amma abin da ya sauya wa uwargida ra'ayi ƙananan ne, masu launin ƙasa da ba wanda zai kalla sau biyu. Wani da ake kira sedge warbler, nauyinsa bai fi giram 12 ba, yana ƙyanƙyasa a ciyayin nan, in kaka ta yi ya ci ya ninka nauyinsa, ya ƙetare Sahara ya yi hunturu a fadamun Sahel. Ruff da agwagwar garganey da za ka iya gani a Cley, irinsu ne ke cika dausayin Hadeja da Nguru lokacin sanyi. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Birtaniya suka ga kusan kashi uku cikin huɗu na wani ɗan tsuntsu, whitethroat, ba su dawo ba. Da aka bi sawu sai aka gano farin da ya fara kama Sahel ne, wanda ya kai ga yunwar farkon shekarun 1970 da iyayenmu ke ba da labari. Cibiyar binciken tsuntsaye ta BTO, da hedkwatarta ke Thetford a cikin Norfolk ɗin, ta fara ɗaura wa tsuntsun cuckoo na'urar bin sawu a 2011, aka ga yana hunturu a dazukan Kwango, wasu na yada zango a yankin Tafkin Chadi. Uwargida ta sauke madubi ta ce, "Ashe su ma 'yan ci-rani ne."

Mataki na bakwai: asubar Snettisham

Domin wannan aka duba wata. Snettisham yana bakin wani babban lungun teku da ake kira Wash, inda ruwa in ya janye yake barin laka iyakar ganinka. Dubun-dubatar tsuntsaye ke kiwo a kai, mafi yawansu knot, ɗan toka-toka da bai kai kurciya ba, wanda ke zuwa daga Girinlan da arewacin Kanada. A cikar yau da kullum ruwa na bar musu sauran laka can nesa, ba ka ganin komai sai ɗigo-ɗigo. A babbar cika kuwa ruwan yana shanye lakar duka, ya yi ta turo su gaba har wurin tsayawa ya ƙare, sai su tashi gaba ɗaya.

A wannan gaɓar babbar cika da sassafe take zuwa ko da yamma, shi ya sa kaka ta fi tsakiyar hunturu, lokacin da cikar kan faɗo cikin duhu. RSPB na wallafa ranakun da lokutan a shafinta, kuma a irin ranakun akan buƙaci ka kama wurin mota tun kafin. Daga wurin motar zuwa bakin ruwa tafiyar kusan mil ɗaya da rabi ce a ƙasa, ba shago, ba banɗaki. Ka kasance a bakin ruwa awa ɗaya da rabi kafin cikar. Ma'ana a tashi yara cikin dare, a yi alwala a gida, a zuba shayi a fulas, a naɗe ƙosai ko burodi, asuba ta same ku a hanya ko a can. Jariri da dattijo a bar su a gida da wani babba.

Da farko ba abin da ke faruwa, yara za su fara ƙorafin sanyi. Sai ka lura bakin lakar yana motsi, kamar ƙasar ce ke tafiya. Can sai wani ɓangare ya ɗaga sama kamar hayaƙin gobarar daji, ya murɗe, ya yi baƙi, su juya ciki gaba ɗaya ya koma fari fat. Wanda ya taɓa ganin jan-baki sun sauko wa gonar dawa ya san siffar, sai dai nan ba mai buga gwangwani. Sannan su biyo ta saman kanku zuwa tsoffin ramukan tsakuwa da ke bayanku, ƙasa-ƙasa, ba kuka, sai shuuu na fikafikai kamar yayyafi a kan kwano. Autanmu ya tsuguna ya rufe kai. Kada ku tafi da wuri: in ruwa ya fara janyewa bayan kamar awa guda, suna komawa, kuma sau da yawa komawar ta fi kyau. Daga Nuwamba zuwa Janairu akwai ƙari, dinyoyi masu jan ƙafa da ke zuwa daga Aisland da Girinlan suna tashi da fitowar rana layi-layi zuwa gonakin da aka cire tushen sukari.

Mataki na takwas: ranakun da ba na tsuntsu ba

Kada ka mayar da hutun makaranta. Safiya uku ta tsuntsaye a mako ta isa, sauran na yara ne. A tashar jiragen ruwan Wells da Blakeney ana kamun ƙaguwa da zare da bokiti. Turawa da naman alade suke tarko, kai ka sa kan kifi ko fatar kaza, ƙaguwar ba ta zaɓe. A zuba ruwan teku a bokitin, kada a tara su da yawa, a mayar da su in an gama. Daga Morston ƙananan jirage na kai mutane Blakeney Point, wani dogon harshen tsakuwa mai mil huɗu da ke hannun ƙungiyar adana wuraren tarihi da na halitta ta National Trust tun 1912, a ga dabbar tekun nan mai kama da ayu da ake kira seal. Nan ne garkensu mafi girma a Ingila, ana haifar dubbai duk hunturu. Tafiyar kimanin awa ce, jiragen kuma sai da cikar ruwa suke tashi, don haka a kama wuri tun da wuri. Hunstanton yamma yake kallo, a nan za ka ga rana ta faɗa cikin ruwa, ga gaɓar dutse mai ratsin ja da fari.

Maganar ruwa kuma ba wasa. A Wells da Holkham da Brancaster teku na janyewa har ka daina ganinsa, yashi ya yi fili kamar filin idi, sai mutum ya yi ta tafiya. In ya tashi dawowa ba ta gabanka yake zuwa ba, ta kwaruruka yake zagayowa ya cika bayanka, ka waiga ka ga kana kan tsibiri. Duk shekara sai an ceto mutane a haka. Ƙa'idar masu ceto a Wells ita ce a dawo gefen tudu awa huɗu kafin cikar, akwai kuma jiniya da ake busawa lokacin zafi. Kada a ƙetare kwari, kada a shiga fadamar gishiri ba bisa hanya ba. Wanka sai inda masu tsaro suka kafa tuta ja da rawaya, tsakanin tutocin, ruwan kuma ko a Agusta da ƙyar yake kai digiri 18. In wani abu ya faru, 999, ka ce masu gadin gaɓa kake nema. A bangon wasu gidaje a Wells da Blakeney za ka ga alamar inda ruwa ya kai a ambaliyar 31 ga Janairun 1953, wadda ta kashe mutum 307 a Ingila, da ta 5 ga Disambar 2013. Ka tsayar da yara a gindin alamar su ga ta fi kansu.

Ranar fita

A fara haɗa kaya tun dare, ƙarfe goma na zuwa da wuri, masu shara kuma suna bakin ƙofa don wasu baƙin na tafe da la'asar. A wanke tukwane, a goge murhu, musamman in an yi miyar manja, tabonsa a kan farin katako na iya cinye kuɗin ajiyarka. A raba shara yadda takardar gidan ta ce, kwalba daban, kwali daban. A kwashe firji, a buɗe taga ƙamshin daddawa ya fita, a leƙa ƙarƙashin gadaje, a mayar da mabuɗi akwatinsa a juya lambobin. Takardun da yara suka rubuta tsuntsayensu a sa su a aljihun mota da kwanan wata a kai. In ta gabas kuka sauka, cibiyar baƙi ta Cley tana kan A149, tagoginta na kallon fadamar gaba ɗaya, shiga wurin shan shayinta kuma ba sai da tikiti ba, ana iya tsayawa rabin awa kafin a kama hanyar Norwich.